Tambaya da Amsa: Kafin Ka Biya Kuɗin Tsohon Babur na Doguwar Tafiya

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, ni ma'aikacin gwamnati ne a nan Kano, ina zaune a Gwammaja, kuma shekara goma sha biyu ke nan ina hawan ƙaramin babur zuwa wurin aiki. Na daɗe ina tara kuɗi da burin mallakar babban babur irin na doguwar tafiya, wanda zan riƙa zuwa Zariya da Katsina da Jos a kansa a ƙarshen mako. Yanzu an kawo mini tallar guda biyu. Na farko Honda Gold Wing ne ƙirar 1995, ɗan Kwatano, fentinsa sai ɗaukar ido yake yi, mitarsa ta nuna 38,000 kacal, kuma dillalin ya ce wani dattijon Bature ne ya ajiye shi a gareji shekara da shekaru ba ya hawa. Na biyu Honda Deauville ne ƙirar 2003, wani ɗan kasuwa a Sabon Gari yake hawansa shekara huɗu, mitarsa ta haura 90,000, jikinsa kuma da ƙuje-ƙuje. Kuɗin na farko ya kusa ninka na biyu, amma zuciyata a kansa take. Me ya kamata in duba, kuma wanne ka ga ya fi dacewa da ni?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, na gode da wasiƙarka, kuma na ji daɗin yadda ka kawo maganar dillalin kamar yadda ya faɗe ta, domin a cikinta abin da ya fi damuna yake. Ya ce maka an ajiye babur ɗin shekara da shekaru ba a hawa, shi a wurinsa yabo ne, ni kuwa da na karanta sai da gabana ya faɗi. Tafiya tana cin ƙarfen babur, zama kuma yana cin robarsa da ruwayen da ke cikinsa. Ɓarnar tafiya mita tana ƙirga ta, ɓarnar zama kuwa babu abin da ke ƙirga ta sai idon mai saye. Injin Gold Wing mai silinda shida, wanda Honda ta fara fitarwa a 1988, an san shi da juriya, yakan haura kilomita 200,000 ba a buɗe shi ba matuƙar ana ba shi haƙƙinsa. Sai dai kewaye da wannan injin akwai tiyo da sil da bel da wayoyi waɗanda suka yi shekara talatin a duniya, ko an hau ko ba a hau ba, kuma su ne za su tsayar da kai a dajin Falgore, ba fistin ba.

Ita ma mitar ka sake dubanta. A jihar Ohio ta Amurka aka ƙera wannan samfurin, kuma idan daga kasuwar can ya fito, to mil yake ƙirgawa, ba kilomita ba. Mil ɗaya kilomita 1.6 ne, wato 38,000 ɗin nan ta kusa kilomita 61,000. Sannan lamba a kan gilashi ba hujja ba ce, domin ana sauya mita gaba ɗaya, ana kuma juya ta baya. Abin da ba ya ɓoyuwa shi ne sawun mai hawa: robar da ake ɗora ƙafa a kanta, robar hannun totur, fedar birki, da faifan birki wanda idan ya sha aiki za ka ji ya yi leɓe a bakinsa in ka shafa da farce. Idan mita ta ce yaro ne amma waɗannan suka ce tsoho ne, to su ka gaskata.

Ka nemi a ba ka lokaci da sassafe, kuma ka gindaya sharaɗin kada a tayar da injin kafin ka zo. Na taɓa raka wani aminina ganin irin wannan babur a wani gida a Bompai. Mun isa wajen ƙarfe takwas, an wanke shi an goge, an fito da shi ƙarƙashin bishiyar darbejiya. Kafin kowa ya taɓa makulli sai na durƙusa na ɗora bayan hannuna a kan injin, na ji shi da ɗumi. Muka ba da haƙuri muka ce za mu dawo washegari bayan sallar asuba. Da muka dawo, babur ɗin da jiya ya tashi da bugu ɗaya sai da aka yi ta fama da shi har batir ya fara sanyi, da ya tashi kuma sai ya riƙa tari yana mutuwa da zarar an saki totur. Na buɗe murfin tanki na haska tocilan, sai ga tsatsa ta kwanta a ƙasa ja wur kamar garin jan ƙasa, man kuma yana warin tsohon fenti. Tayoyin nan kuwa zanensu bai ci ba ko kaɗan, har ƙananan gashin roba na sabuwar taya suna nan, amma a gefen ta baya an rubuta 2309. Waɗannan lambobi huɗu da ke ƙarshen layin da ya fara da DOT su ne ranar haihuwar taya: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, wato mako na 23 a 2009. Da na danna ta da farce sai na ji ta kamar busasshen ƙiri. Tayar babur da ta wuce shekara biyar ko shida abar tuhuma ce, wadda ta kai goma kuwa ba a hawa titi da ita komai kyan zanenta, balle kwaltar Kano a watan Afrilu lokacin da zafi ke haura digiri 40.

Idan injin ya tashi a sanyi, ka koma bayan salansa ka tsaya. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi alama ce ta injin yana ƙona baƙin mai, baƙin hayaƙi yana nuna fetur ya yi yawa, galibi daga kafireta, farin hayaƙi mai kauri da bai yanke ba bayan injin ya yi zafi kuwa yana nufin ruwan lagireto yana shiga inda bai kamata ba. A nan akwai adalcin da za a yi wa Gold Wing: da yake silindojinsa a kwance suke hagu da dama, idan ya kwana a jingine a kan ƙafar gefe yakan yi ɗan hayaƙi na daƙiƙoƙi da farko sannan ya washe, wannan ba aibi ba ne. Wanda ya ci gaba da hayaƙi bayan minti biyar shi ne abin gudu. Ka buɗe murfin baƙin mai ka duba cikinsa, idan ka ga abu fari-fari kamar kindirmo ya manne, ruwa ya haɗu da mai. Murfin lagireto kuma ka buɗe shi tun injin yana da sanyi, kada ka kuskura ka taɓa shi da zafi. Ruwa mai launi, kore ko shuɗi ko ja, shi ake so. Idan ka ga ruwan kwata mai tsatsa, to an daɗe ana ɗura masa ruwan rijiya ko na burtsatse, kuma kanwar da ke cikinsa ta riga ta fara toshe hanyoyi. Daga nan ka bar shi yana aiki a tsaye har sai fankar lagireto ta tashi da kanta, ta kuma mutu da kanta. Mutane da yawa ba sa haƙurin wannan jiran na minti goma ko sha biyar, alhali babur da fankarsa ba ta tashi ba zai iya tsallake cunkoson Kantin Kwari ko na Kurna da rana tsaka lafiya ba.

Akwai abu ɗaya a Gold Wing ɗinka da ido ba ya gani daga waje, kuma shi ne ya fi kowanne haɗari. Duk samfuran da aka yi daga 1975 har zuwa 2000 da bel ɗin roba suke juya bawul, guda biyu ne a gaban injin, a bayan murfi. Sai a samfurin 2001 Honda ta koma sarƙa. Bel ɗin da ya tsufa yana iya zama lafiya a ido ya tsinke ba sallama, idan kuwa ya tsinke injin na gudu, fistin na iya dukan bawul ya lanƙwasa su, ka ga aiki ya koma na sauke kan injin. Saboda haka, idan babu shaidar ranar da aka sauya su, ka ɗauka ba a taɓa sauyawa ba, ka sa kuɗinsu a lissafinka tun kafin ka yi tayi. Deauville ba shi da wannan damuwar domin sarƙa ce a cikinsa, abin da za ka saurara kawai shi ne ƙarar kacau-kacau daga saman injin wadda ba ta lafawa.

Ka tafi da ƙaramar mitar awon wuta irin ta masu gyaran rediyo, ko ka tafi da mai gyaran wayarin da ka yarda da shi. Batir mai lafiya yana nuna kusan 12.6 kafin a tayar da injin. Idan an tayar an ɗan ja totur, ya kamata ya hau tsakanin 13.5 da 14.5. Idan bai motsa daga 12 ba, babur ba ya caji, idan kuma ya haura 15, na'urar da ke daidaita wuta ta lalace kuma za ta dafa batir. Wannan na'urar sanannen rauni ce a baburan Honda na waɗannan shekarun, har da Deauville, kuma zafin ƙasarmu yana gajarta mata kwana. Sannan ka ɗaga kujera ka cire murfin gefe ka kalli wayoyi. Inda ka ga an yanka an ƙulla an naɗe da baƙin salatif, ko an cire fiyus an maye gurbinsa da zaren waya, to hannun da bai san babur ɗin ba ya riga ka shiga. A ƙaramin babur irin wanda kake hawa yanzu ana iya warware wannan cikin awa ɗaya. A Gold Wing mai rediyo da giyar baya da fitilu barkatai, neman waya ɗaya da ta tsinke kan ci mako guda, kuma sai an kwance roba bayan roba kafin a kai gare ta.

Robobin jikin nan ma dukiya ne. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya ka ga ko kunnuwan da ke riƙe su sun kakkarye an ɗaure da waya, ka buɗe akwatunan gefe da na baya ka rufe, ka tabbatar makulli ɗaya ne ke buɗe su da tanki da kan babur. Makullai daban-daban suna nuna ko dai an harhaɗa babur ɗin daga gawarwakin wasu, ko kuma an taɓa fasa makullinsa, kuma kowanne daga ciki yana buƙatar bayani.

Ka sa a ɗora shi a kan ƙafar tsakiya, wani ya danna bayansa har tayar gaba ta bar ƙasa. Ka juya kan a hankali daga hagu zuwa dama, idan ka ji yana maƙalewa a tsakiya kamar ya faɗa ɗan rami, boris ɗin wuya ya mutu. Ka shafa ƙarfen shokazoba na gaba, idan yatsanka ya fito da mai sil ya tafi, idan kuma ƙarfen ya yi ƙuraje na tsatsa, sabon sil ma ba zai daɗe ba. Ka leƙa ƙasan wuya inda ɗan ƙarfen da ke tare kai yake, wanda ke hana shi wuce iyaka. Faɗuwa mai tsanani takan lanƙwasa shi ko ta karya shi, kuma masu gyaran fenti sukan manta da shi. Sabuwar walda ko sabon fenti a kan ƙashin babur, musamman kusa da wuya, dalili ne da ya isa ka yi sallama ka tafi ba tare da ka yi tayi ba. Ƙujewar da ka gani a jikin Deauville kuwa, idan ta tsaya a roba da bakin hannu, ba ta dame ni ba, kusan kowane babur mai nauyi ya taɓa kwanciya a tsaye.

Duka biyun da farfela, wato sandar ƙarfe mai juyawa irin ta mota, suke tura tayar baya, ba da sarƙa ba, kuma wannan alheri ne a garin da ƙurar hunturu ke cinye sarƙa cikin 'yan watanni. Amma farfela ma tana da nata haƙƙin. Ka kama tayar baya da hannu biyu, sama da ƙasa, ka girgiza ta, bai kamata ka ji wasa ba. Ka duba ko mai yana tsiyaya a kan wili. Idan mai babur ya yarda, a kwance noti a ɗan tsiyayo man akwatin giyar baya a kan farar takarda: mai baƙi alamar sakaci ne, mai ƙyalƙyalin garin ƙarfe kuwa alamar haƙora sun fara cin juna.

Game da ɗan Kwatano, ka tambayi daga ina ya taso kafin ya iso tashar ruwa. Da yawa daga cikin waɗanda ke zuwa daga Amurka a gwanjon kamfanonin inshora ake sayo su, bayan haɗari ko ambaliya. Wanda ruwa ya taɓa shanyewa yakan bar busasshen taɓo a lungunan ƙarƙashin kujera da koren tsatsa a bakin soket, kuma ciwonsa ba ya warkewa, yau fitila gobe sitata. Na Turai kuma gishirin da ake watsawa a titi lokacin ƙanƙara ne ke cinsu daga ƙasa, don haka ka kwanta ka leƙa cikin salansa da ƙarfen da ke riƙe tayar baya, ka ƙwanƙwasa da sukundireba ka ji ko ƙarfe ne ko ɓawo.

Duk wannan ba zai maye gurbin hawa ba. Kada ka yarda da zagayen layi ɗaya. Ka nemi a bi ka zuwa titin Zariya ko Eastern Bypass inda za ka shiga kowace giya. A giya ta biyu ka ja totur da ƙarfi ka ga ko za ta fice da kanta, domin gyaran wannan sai an tsaga injin. A giyar ƙarshe, kana tafiya a hankali, ka buɗe totur gaba ɗaya, idan ƙara ta hau amma gudu bai ƙaru ba, kuloci yana zamewa. A miƙaƙƙen wuri ka sassauta riƙon hannu ka ga ko yana jan gefe ɗaya. Idan mai babur ya hana hawa sam, ko da ka ajiye kafin alƙalami a hannun amintacce, to cinikin biri a sama yake so ku yi.

Takardu kuma kada ka bar su sai bayan an sallama. Lambar shasi mai harafi da lamba 17 da aka buga a wuyan babur ka karanta ta da idonka, ka gwada da wadda ke takardar kwastan da rasit, haka ma lambar injin. Idan wurin ya yi alamar an goge da injin niƙa ko an sake bugawa, babu ciniki. A baburan kasuwar Amurka harafi na goma shi ke nuna shekara, na 1995 kuwa S ne, don haka kana iya gane ko an ƙara masa ƙuruciya. Takardar kwastan ka kai ta ofishinsu a tantance maka, domin ta jabu tana yawo, kuma ranar da aka tare ka a hanya ba dillali za a riƙe ba. Na hannun ɗan kasuwar Sabon Gari kuma ka ga shaidar mallaka da sunansa, ku rubuta yarjejeniyar sayarwa da shaidu biyu da hoton katin shaidarsa, sannan ka yi canjin suna. Lasisin tuƙin babur aji A ne, kuma inshora da hular kwano wajibi ne. Ka tuna cewa tun Janairun 2013 aka hana acaɓa a cikin birnin Kano, don haka idan kana da niyyar goya iyali, ka fara jin matsayin dokar daga bakin KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta Kano. Wasu garuruwan ma sun taƙaita hawan babur saboda tsaro, kamar Maiduguri da ta hana shi a 2011, saboda haka kowace tafiya sai ka tambayi halin da hanya take ciki.

Ka ce in faɗi wanda ya fi dacewa da kai, kuma ba zan ɓoye maka ba: Deauville nake ba ka shawara, idan ya tsallake abubuwan da na lissafa. Gold Wing da mai a cikinsa ya doshi kilo 400, kusan ninki huɗu na babur ɗin da ka saba da shi, cikinsa kuma kusa da ƙasa yake. An yi shi ne domin shimfiɗaɗɗen titi, kuma a can babu kamarsa. Amma kafin ka kai shimfiɗaɗɗen titi sai ka fito da shi daga soron gidanka, ka bi lungu mai rairayi, ka tsallake kwata da tudun rage gudu, ka kutsa tsakanin 'yan adaidaita sahu, kuma ranar da ya kwanta ba lalle ka iya ɗaga shi kai kaɗai ba. Yana shan lita ɗaya a kilomita 15 ko kusa da haka, abin da ya zama abin lissafi tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023. Deauville kuwa bai wuce kilo 250 ba, silinda biyu ne, tayoyinsa duka inci 17 ne waɗanda suka fi sauƙin samu a kan inci 18 da 16 na Gold Wing, kuma injinsa bakanike mai natsuwa zai iya fahimtarsa. Sama da duka, mai shi yana raye a Sabon Gari, kana iya zama da shi ka tambaye shi wane mai yake zubawa, wa ke yi masa gyara, me ya taɓa lalacewa, ka kuma je wurin bakaniken ka ji ta bakinsa. Baturen garejin kuwa labarinsa kawai ka ji.

Idan duk da haka zuciyarka ta ƙi sakin Gold Wing, ban ga laifinka ba, babur ne da ya cancanci a so shi. Sai dai kafin ka biya, ka zaga Ƙofar Ruwa da Sabon Gari da jerin abubuwa biyar a takarda: bel, tayoyi, takalmin birki, matatar mai, da kayan gyaran kafireta. Ka ga wanne ake samu a nan, wanne sai an aiko daga Legas, wanne kuma sai an yi oda daga waje da dala a jira makonni. Ka nemo bakaniken da ya taɓa buɗe irinsa, ka ga aikinsa da idonka. Sannan kada ka zuba duk abin da ka tara a saye, ka ware aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu domin gyaran watannin farko, wanda babu makawa sai ya zo.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na ga BMW R1150RT ƙirar 2003 a hannun wani, komai nasa ya yi mini, sai dai fitilun ABS, wato na'urar da ke hana taya ƙullewa idan an taka birki, suna ta ƙiftawa ko da ana cikin tafiya. Mai shi ya ce fiyus ne kawai. In saya? Daga wani mai karatu a Tarauni.

Amsa: Barka kadai, ɗan'uwa. Idan fiyus ne kawai, ka roƙe shi ya sauya shi a gabanka, tunda kuɗinsa bai kai na kwanon abinci ba. A wannan samfurin ƙiftawar fitila kafin a motsa daidai ne, amma ya kamata ta mutu da zarar babur ya yi 'yan mitoci. Wani lokaci raunin batir ne ke jawo ta, shi ya sa za ka fara gwadawa da batir mai cikakken caji. Idan ta ci gaba, to maganar ta girma, domin birkin R1150RT ba irin wanda ka saba ba ne. Akwai famfon lantarki da ke ƙara masa ƙarfi, za ka ji yana kuka siririya idan ka matsa birki bayan ka kunna makulli. Ranar da famfon ya mutu, abin da ke saura na birki kaɗan ne ƙwarai, sai ka matsa da dukkan ƙarfinka kafin babur mai nauyin kusan kilo 280 ya tsaya. Abin da ya fi kashe shi shi ne barin man birki ya tsufa, domin man birki yana shan danshi daga iska, kuma ƙa'ida a sauya shi duk shekara biyu ko ƙasa da haka. Sabon famfo yana da tsada sosai, kuma ba kowane bakanike ne ya iya ko fitar masa da iska ba. Wasu masu irin wannan babur sukan cire na'urar gaba ɗaya su mayar da birkin na gargajiya, kuma yana aiki idan gwani ne ya yi, amma ba aikin koyo ba ne.

Ka ƙara da duba abu biyu. Kulocinsa busasshe ne irin na mota, yana tsakanin injin da akwatin giya, sauya shi sai an raba babur kusan gida biyu, don haka ka gwada zamewarsa da kyau. Akwatin giyar baya na waɗannan samfuran kuma an san shi da lalacewar boris, saboda haka girgiza tayar baya da duba tsiyayar mai da na ambata a sama sun fi zama dole a nan. Shawarata ita ce kada ka biya ko sisi sai fitilar ta mutu a gabanka, ka kuma taka birki da ƙarfi sau da yawa a wurin da babu mutane.

Tambaya: Malam, yayana ya rasu shekara bakwai da suka wuce ya bar Honda ST1100 a ɗaki, ba a taɓa shi ba tun ranar. Magada sun ce in saya a raba kuɗin. Yaya zan san ƙimarsa, kuma in sa batir in gwada tayar da shi? Daga wani dattijo a Yakasai.

Amsa: Allah Ya jiƙansa da rahama, Ya sa Aljanna ce makomarsa. Baba, ina roƙonka kada a sa masa batir tukuna. Injin da ya yi shekara bakwai a tsaye duk man da ke jikin silinda ya tsiyaye, fetur ɗin da ke tanki da kafiretocinsa huɗu ya zama danƙo, kuma shi ma wannan samfurin, wanda aka yi daga 1990 zuwa 2002, da bel ɗin roba yake juya bawul. A fara zubar da tsohon fetur a duba tsatsar tanki, a buɗe akwatin iska domin ɓeraye suna son yin sheƙa a ciki suna kuma cin wayoyi, a cire fulogi a ɗiga ɗan baƙin mai a kowace silinda a bar shi ya kwana, sannan a juya injin da hannu a hankali. Idan ya juya ba tare da ya cije ba, to akwai rai a cikinsa. Daga nan sai sabon bel, sabon baƙin mai irin na babur mai alamar JASO MA domin na mota yana iya sa kuloci zamewa, sabon ruwan lagireto, man birki, wankin kafireta, batir da tayoyi biyu, kafin a yi maganar hawa titi.

Game da ƙima, tunda dukiyar magada ce kuma kai ne mai saye, ya fi tsafta kada kai ka yanke kuɗin. A kira mutum biyu da suka san manyan babura waɗanda ba su da rabo a cinikin, kowanne ya duba shi daban ya faɗi abin da zai yi a kasuwa a halin da yake ciki yanzu, a kuma rubuta kuɗin gyaran da na lissafa a gaban kowa. Idan akwai marayu ƙanana a cikin magadan, a sa waliyyinsu da malamin da ya raba gadon su halarta, a rubuta yarjejeniya da sa hannun shaidu, sannan a nemo takardun kwastan da na rajista a cikin kayan marigayin kafin a fitar da babur ɗin daga ɗakin.